Wai Tatu Tsagar Zamani Ce?

Abba Mai Zane: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake yau. Kun san kartar sararin samaniya da nake haɗawa. Kati 54 ne kamar na Whot, gida biyar: Wata, Zara, Kaza da 'Ya'yanta, Tauraro Mai Wutsiya da Kumbo. In ka ajiye katin Husufi na gaba da kai ya rasa zagaye, in ka ajiye Baƙin Rami kowa sai ya ja daga kasuwa. Zanen na ba wani yaro ne mai yin tatu a wajen Rayfield nan Jos, don hannunsa ya faɗa a salon ɗige-ɗige da na siririn layi, waɗanda ake yayi yanzu. Kaza da 'Ya'yanta ma da ɗigo zalla ya fitar da ita, babu layi ko ɗaya. Na kai wa kawuna da ya yi min alkawarin kuɗin bugawa, yana jin sana'ar yaron ya ture katin, wai ba zai sa kuɗinsa a aikin 'yan iska ba. A takarda fa aka yi zanen nan, ba a jikin kowa ba! Kuma shi kawun nawa da billensa a kumatu. To don Allah mene ne tatu in ba tsagar zamani ba?

Ɗan Gangare: Sannu Abba. Kawu ya yi maka janar maket ke nan.

Bagobirin Anguwar Rogo: Abba, janye wannan magana tun muna mu biyu. Tsaga? Tsagar da ke fuskata kake haɗawa da abin da yara ke zanawa a damtse don a gani a TikTok? Tsaga gado ce. Da ita ake sanin ɗan wane ne kai, daga wace ƙasa kake. A zamanin yaƙi da kamun bayi da ita ake gane ɗan gida ko bayan shekara nawa ne. Ka faɗa min ɗan wane ne mai hoton zaki a ƙirji.

Abba Mai Zane: Yaya, ba raina tsaga na yi ba. Maganar kati nake.

Bagobirin Anguwar Rogo: A'a, kai ka ce tsaga. Sai mun gama da tsaga.

Baban Walida: Ni jikan wanzamai ne, a gaban idona kakana ya yi wa yara da yawa. Aska ce da hannu, ranar suna, a gaban dangi, uban yaro na tsaye. Ciwon ya warke ya bar tabo, shi ke nan. Babu tawada, babu inji, babu kiɗa. Ina haɗin wannan da wancan?

Anti Larai: Baban Walida, babu tawada ka ce? To jarfa fa? Ku je bakin kasuwar Farin Gada ku dubi matan Fulani masu kawo nono, wasunsu baƙin da ke leɓensu da gefen bakinsu ba ya fita da sabulu. Huda fata aka yi aka shigar da baƙi ciki. Kakata tana da ita a goshi da hannu, don ado aka yi mata tana budurwa, ba don a gane garinsu ba. In wannan ba tatu ba ne a faɗa min sunansa.

Baban Walida: Sunansa jarfa.

Anti Larai: Allah ya ba ka haƙuri.

Sista Rahila: Bari in sa baki a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Anti Larai ta fi kusa da gaskiya. Tsaga tabo ce, tatu da jarfa kuwa launi ne da ake ajiyewa a fatar ciki, ƙarƙashin wadda ke saɓulewa, shi ya sa ba ya gogewa. Injin ma ba sabo ba ne, tun 1891 wani Samuel O'Reilly ya yi masa rajista a New York. Abin da ya sauya shi ne salo. Siririn layin nan yana da kyau ranar farko, amma tawada tana ɗan bazuwa a fata da shekaru, ƙananan rubutu sai su cakuɗe. Salon kalar ruwa kuma, mai shuɗi da ruwan hoda, bai cika fita a baƙar fata ba, baƙi zalla ya fi zama. Mai jikin da tabo ke kumbura masa ya yi tudu, kada ma ya soma. Abin da ya fi damuna shi ne allura da aska da ake maimaitawa, nan ciwon hanta yake bi, ko a shagon tatu ko a zauren wanzami.

Baban Walida: Sista, a zauren wanzami? Kakana ya yi shekara da shekaru yana aiki ba wanda ya mutu.

Sista Rahila: Wa ya gwada jininsu, Baba?

Malam Na Dilimi: Jama'a ku ji tsoron Allah. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim, an la'anci mai yin jarfa da wadda ake yi wa. Ko a kira shi tatu ko a kira shi siririn layi, hukunci ɗaya ne.

Ɗan Gangare: Allah gafarta Malam, tsaga fa? Ita ma ai canza halitta ce.

Malam Na Dilimi: Wanda aka yi wa yana jariri babu laifi a kansa.

Ɗan Gangare: Wanda ya yi masa fa?

Malam Na Dilimi: Wannan sai mun haɗu a karatu.

Istifanus: Mu ma a Littafin Firistoci 19:28 an hana tsaga jiki saboda matattu da yin zane a jiki. Amma a cocinmu har yau ana jayayya, matasa suna cewa dokar tsohon alkawari ce. Babana yana da tsaga uku-uku, shi ya fi kowa faɗa da ƙanina ya dawo daga Abuja da ƙaramin gicciye a wuyan hannu.

Bagobirin Anguwar Rogo: Babanka ya yi daidai. Ka gaishe min da shi.

Lauyan Gobe: Abin da ba wanda ya faɗa: Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, sashe na 24, ta haɗa su wuri ɗaya, ta hana a yi wa yaro tatu ko tsaga. A idon doka Abba bai yi ƙarya ba. Bambancin ma tatu ya fi, don mai shi da ƙafarsa ya je da hankalinsa. Jariri wa ya tambaye shi?

Bagobirin Anguwar Rogo: Dokar da aka kwafo daga Turai. Ka gama makarantar tukuna. Mu da muka taso daga gabas da tsagarmu, shida a nan bakwai a nan, tun kafin a san Turawa.

Bayarben Nasarawa: Wai Bagobiri ne ke alfahari da tsaga a gabana? Ku da kuka ga tsagarmu ta Yarbawa, abaja da pele, a fuskar iyayen gidanku kuka kwaikwaya, hannu ya zarce kuka kasa tsayawa.

Bagobirin Anguwar Rogo: Ji bawa yana magana. Wa ya ba ka izinin shigowa?

Bayarben Nasarawa: Ƙarshen shekara ta kusa, ka tanadi kuɗin sharata.

Nas: Ku bar batun wa ya riga wa. An tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, ta haura shekara 5,000, da zane 61 a jikinsa. Tatu ya girmi Gobir.

Bagobirin Anguwar Rogo: Kai ka ƙirga?

Nas: A intanet na gani.

Bagobirin Anguwar Rogo: Na san za a rina.

Abba Mai Zane: Don Allah akwai wanda ya buɗe hotunan katin da na turo?

Injiniya: Ni na buɗe. Zanen ya yi kyau, amma akwai gyara. Ka sa Zara a matsayin gida, sannan na ga wani kati daban ka rubuta Gamzaki. Abu ɗaya ne, duniya ta biyu daga rana, in ta fito da magariba a ce Zara, in ta fito da asuba a ce Gamzaki. Sannan ka jera Pluto cikin manyan duniyoyi, alhali tun 2006 aka sauke ta, takwas suka rage. Kuma me ya sa kumbonka duk na Amurka ne? Tauraron ɗan'adam ɗinmu NigeriaSat-1 ya tashi a 2003 daga Rasha. Cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan'adam ta ƙasa ma a nan Jos take.

Ɗan Gangare: Injiniya, a sa NigComSat-1, wanda aka harba daga Chana a 2007 ya mutu a 2008. Duk wanda ya ja katin ya rasa duk abin da ke hannunsa.

Injiniya: Wutar faifan rana ce ta samu matsala, kuma an maye gurbinsa a 2011. Ku ba ku iya faɗin alheri ba.

Ɗan Gangare: Ina alherin? Tun safe layina ke yawo.

Injiniya: Layin wayarka ba ta can yake bi ba.

Maman Iman: Ni duk ba wannan ba. Abba, kai da karatunka ka rasa abin ƙirƙira sai karta? Yaran Gangare da 'Yan Taya ba su isa ba, sai an ƙara musu wata hanyar caca?

Ɗan Gangare: Hajiya, me Gangare ta yi miki? A Rikkos ɗinku ba a buga Whot?

Maman Iman: Ban ambaci sunanka ba. Mai kaza a aljihu.

Anti Larai: Maman Iman, ke da kike zuba dayis har gwiwar hannu kowane biki, ai salon 'yan tatu masu lallenki suke kwafowa daga waya. Fure, siririn layi, ɗige-ɗige, duk shi ne.

Maman Iman: Lalle sunna ne, kuma sati biyu ya fita. Kada ki haɗa ni da su.

Sista Rahila: Jan lalle ganye ne, ba matsala. Baƙin kuwa sau da yawa akwai sinadarin rinin gashi a ciki, PPD. Na sha ganin amare da hannu ya tashi ya yi ƙuraje, zanen furen ya zauna ya zama tabo.

Bagobirin Anguwar Rogo: Kun gani ko? Duk abin da ba na gado ba ƙarshensa asibiti.

Lauyan Gobe: Ba abin da ta ce ke nan ba.

Baban Walida: To jama'a, a matsayina na admin bari in tattara, dare ya yi. An yi muhawara mai amfani, kuma kowa ya ga inda gaskiya ta karkata. Mafi yawan masu magana sun yarda tsaga daban tatu daban: tsaga asali ce da mutunci, tatu kwaikwayo ne. Malam ya kawo hadisi, Istifanus ya kawo aya, addinan biyu sun haɗu a kan haramcin tatu. Sista ta tabbatar mana tatu yana kawo ciwon hanta kuma ba ya kyau a fatarmu. Maganar Anti Larai ta jarfa al'adar wasu ce, ba ta shafi batun ba. Dokar da Lauya ya kawo, shi ma ɗalibi ne tukuna. Shawarar zaure ita ce Abba ya je ya ba kawunsa haƙuri, ya nemi mai zanen allon shago ya sake masa katin, ya kuma cire Pluto.

Sista Rahila: Baba, na ce har da askar wanzami.

Istifanus: Ayar da na kawo ma tsaga ta fara ambata.

Baban Walida: An rufe wannan batu. Duk wanda ya sake ɗago shi zan cire shi sai bayan Juma'a.