Alƙali ya tura mu sulhu, ƙarata ta mutu ke nan?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina nan Abuja. Na kai mijina kotun yanki ina neman a raba aurenmu: wata bakwai ba ci ba sha, ga duka. Yaranmu biyu. A zaman farko alƙali ya ɗage shari'ar mako uku, ya ce kowa ya kawo babba daga danginsa a yi sulhu. Yanzu ina gidan yayana. Korar ƙarar aka yi a fakaice? Dole ne in je? Masu sani ku taimaka mini.

Barista: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kwantar da hankalinki, ƙararki tana nan da ranta. Ranar da aka sa muku ita ce ranar kai rahoton sulhun. Ki je wurin magatakardan kotu ki tabbatar da ita, ki rubuta a bayan takardarki tare da lambar ƙarar. Abin da ya fi kashe ƙara shi ne a kira ta mai ƙara ba ta nan, sai a soke. Ko an daidaita ko ba a daidaita ba, ranar nan ki kasance a kotu da sassafe.

Zaman sulhun ma ki je. In kika ƙi, kin ba mijinki bakin cewa shi yana son matarsa, ke ce mai taurin kai. Zuwa ba ya nufin kin yarda ki koma ɗaki.

Malam: Baiwar Allah, Allah ya kawo miki mafita. Tushen abin aya ta 35 ce a Suratun Nisa'i: hakami, wato mai sasantawa da aka ba ikon yanke hukunci, daga dangin miji, hakami daga dangin mata. Amma ki tambaya a gaban kotu, dattawa aka ce su je su ba da baki, ko hakamai alƙali ya naɗa? Akwai bambanci. Dattijo nasiha kawai zai yi. Hakamai kuwa, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, idan gyara ya gagara suna da ikon raba auren ko da ma'auratan ba su so ba, kuma saki ɗaya ne ba'ini, ba kome sai da sabon aure. In cutarwar daga miji take, a raba ba tare da kin biya ko sisi ba. In daga mace take, a nan ake maganar mayar da sadaki. Don haka wakilinki ya zama namiji adali, mai fahimtar hukuncin, wanda zai saurare ki shi kaɗai kafin a haɗu.

Hajiya: 'Yata, a wurin zaɓen wakili ake yawan yin asara. Kada ki ɗauko kawun da ke jin nauyin surukai, wanda da an gaisa an sha ruwa zai ce "ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne" a shafa fatiha a tashi. Haka ma mai zafin kai da zai mayar da zaman filin gori. A yi shi a gidan dattijon da ɓangarorin biyu ke ganin girmansa, ban da gidan mijin, kuma tunda akwai duka kada ki yarda a bar ku ku biyu a ɗaki.

In zuciyarki ta karkata ga komawa, komai a rubuce: kuɗin cefane nawa, kowane mako ko kowane wata, wace rana, haya da kuɗin makarantar yara a wuyan wa, bashin wata bakwai ɗin nan yaya za a yi da shi, me zai biyo baya in ya sake ɗaga miki hannu. "Zan gyara insha Allahu" ba sharaɗi ba ne. Ku sa hannu, wakilai su sa, a yi kwafi uku, ɗaya a kai wa alƙali ya shigar a matsayin hukunci. Kuma kada ki yi gaggawar janye ƙara, ki roƙi a ƙara ɗagewa wata ɗaya a ga kamun ludayinsa.

Barista: Gaskiya ne Hajiya. Ƙari ɗaya, 'yar'uwa, ki kula da lafazinki. In kika ce "ni dai na gaji, ba na sonsa", an kama hanyar khul'i, wato mace ta fanshi kanta, mayar da sadaki zai hau kanki. Ki tsaya kan cutarwa da rashin ciyarwa, da hujja: katin asibiti, hoton rauni, saƙonnin da kika tura kina neman kuɗin abinci, da shaidu maza biyu da suka gani ko suka ji, kamar maƙwabta. In an zo tayin "bar masa yara ya sake ki", kada ki amsa a wurin. A Malikiyya uwa ce kan gaba a reno, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ciyarwa kuma tana kan uba.

Masu auren rajista da ke karantawa, naku a Babbar Kotu yake, ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970. Sashe na 11 ya ba alƙali damar ɗagewa don sulhu ko naɗa mai sasantawa, amma bayan kwana 14 kowannenku na iya neman a ci gaba da shari'a, kuma abin da aka faɗa a zaman sulhun ba ya zama hujja a kotu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To in shi ne ya ƙi zuwa zaman fa?

Barista: Wakilinki ya rubuta ranar da aka kira shi, wurin, da wanda aka aika masa. Ranar komawa ya zo kotu da kansa ya faɗa wa alƙali, ke kuma ki roƙi a fara jin shaidunki.