Kariyar kafaɗa ga yara masu wasan ringet: dole ce ko ganin dama?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a. Mun sa Ilham a ringet, ajin 'yan ƙasa da shekara 10. An ba mu jerin kaya, amma kociyar ta ce kariyar kafaɗa sai mun duba dokar ƙungiyarmu. Wajibi ce? Wacce iri kuka saya?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Ringet kuma? Hoki kenan?

Anti Bilki: A'a Baban Sadiq. Zoben roba ake turawa da miƙaƙƙiyar sanda a kan ƙanƙara. Sam Jacks ne ya ƙirƙire shi a lardin Ontario na Kanada a 1963, yawanci 'yan mata ke yi.

Maman Zahra: Maman Ilham, don Allah ki saya, ko an wajabta ko ba a wajabta ba. Dokar takan bambanta daga lardi zuwa lardi, amma ƙanƙara ba ruwanta da wannan. Mu aka ce mana an hana bangaza a wasan, sai muka saki jiki. Gaskiya an hana, to amma yara ne, ba su gama iya birki ba. Zahra ta zo a guje za ta ɗauki zobe, ƙafa ta kwashe ta, ta daki bangon filin da kafaɗa. Ƙashin nan na tsakanin wuya da kafaɗa ya tsage. Muka kwana a asibiti, hannu a rataye har aka gama kakar wasa, ko rubutun makaranta da ƙyar. Har yau in na tuna kukanta raina ɓaci yake. Kuma kar ki ɗauko ta wani babban yaro ki ce za ta girma a ciki. In ta yi yawa hawa take ta tokare wuya, yarinya ta kasa ɗaga hannu. Ki je da ita shago, ta saka, ta ɗaga hannuwa sama, ki tabbatar murfin ya zauna daidai kan kafaɗa, kuma ya sadu da kariyar gwiwar hannu ba rata.

Maman Ilham: Subhanallah. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya kiyaye gaba.

Anti Bilki: Amin. Ta hannu ma ta isa, ki leƙa shagon kayan wasanni na Play It Again Sports ko Facebook Marketplace. Hular kwano ce kawai ban yarda a sayi tsohuwa ba. Sabuwa, mai tambarin CSA, hukumar tantance ingancin kaya ta Kanada.

Malam Habu: A kula da ragar fuska. Ta hoki ba ta yi, ramukanta masu kusurwa huɗu ne, bakin sanda na iya shiga. Ta ringet ake so. Kariyar wuya kuma mai tambarin BNQ, hukumar tantance ingancin kaya ta lardin Quebec.

Baban Sadiq: Duk wannan kashe kuɗi! A sa yara ƙwallon ƙafa mana a huta.

Maman Zahra: Haba Baban Sadiq, a sanyin Janairun nan? Yaran suna so, ƙawayensu duk suna can.

Baban Sadiq: Ai akwai na cikin ɗaki, Hajiya.

Malam Habu: In kuɗi ne matsala a nemi tallafin Jumpstart ko KidSport, ƙungiyoyin da ke taimaka wa yara da kuɗin wasanni, ba abin kunya ba ne.

Ummu Hanan: Ni tambayata hijabi ce. Yana shiga ƙarƙashin hular?

Anti Bilki: Yana shiga, irin na wasanni mai laushi, ba fil ba allura. Ki sa mata shi kafin a auna hular.

Ummu Hanan: Na gode Anti. Wa zai je filin ranar Asabar? Motata tana gun gyara.