Inabina ya cika rumfa da ganye, amma babu 'ya'ya

Wata 'yar'uwa, Ngaundere:
Assalamu alaikum 'yan gida. Inabin da na dasa a tsakar gida ya rufe rumfa ruf, inuwa sai wanda ya gani, amma ko fure bai taɓa yi ba. Yanzu hunturu ya shigo, ganyen na ƙonewa ta baki yana zuba. Sanyin garinmu ne ke cutar da shi? In riƙa rufe shi da buhu da dare? Kullum ina ba shi ruwa, ga kashin kaji.

Wani malami, Garwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ajiye buhun nan. Inabi ba ya tsoron sanyi, a Faransa ƙanƙara ke sauka a kansa, ya zubar da ganye ya yi barci, bazara ta zo ya farka da fure. Sanyin Ngaundere bai ma kai ya sa shi wannan barcin ba, shi ya sa yake ta miƙa jiki kawai. Ke za ki tilasta masa hutu. Ki janye ruwa kamar mako 2 zuwa 3, ki tsige ganyen, sannan ki datse rassan da suka nuna, waɗanda suka koma ruwan ƙasa masu kaurin fensir, ki bar wa kowanne idanu kaɗan. Daga nan ki koma ban ruwa. Sabon tohon da zai fito daga idanun nan shi ke ɗaukar nonon inabi. Manoman Indiya sau 2 suke datsewa a shekara, Afrilu da Oktoba, kuma na Oktoban ne ke kawo 'ya'ya.

Wata uwa, Marwa:
'Yata, rage kashin kajin nan, shi ke tura shi ganye. Ɗan tokar murhu ya fi masa.

'Yar'uwa, Ngaundere:
To Malam, Oktoba ta wuce. Na makara ke nan?

Malami, Garwa:
Ki hanzarta dai. Daga datsewa zuwa nuna ana neman kusan wata 4, kuma damina na riga shigo muku kafin mu. Ruwan sama kan nonon da ke nuna shi ne abin tsoro, yana fasa 'ya'yan ya kawo ruɓa. Tambaya ɗaya: reshe kika dasa ko ƙwara?

'Yar'uwa, Ngaundere:
Reshe ne, daga gidan ƙanwar mahaifiyata, nata yana yi. Gobe in sha Allahu zan tsayar da ruwan. Allah Ya saka da alheri.