Kashi na biyu: ci gaban labari ne ko dabarar karɓar kuɗinmu?

Anti Admin: To jama'a mun gama kashi na biyu na labarin yarinyar nan da ɗan sarkin aljanu. Jiya Maman Biyu ta ce wai duk labarin soyayyar mutum da aljani a kashi na ɗaya yake ƙarewa, na biyu neman kuɗi ne kawai. Bismillah, amma banda zagi dan Allah.

Maman Biyu: Wlh ina nan kan bakana Anti. Na ɗaya kyauta a Wattpad da WhatsApp, sai an kai inda ranki ya rataya a ce tura kuɗi ta akawun a saka ki a gurup, kin biya kin shiga sai ki tarar an sa mata mantuwa ta manta mijin ko an jajibo kishiya aljana daga sama, a sake soyayyar daga farko kamar ba a yi ba. Haba.

Yar Damagaram: Mu nan har wahalar aika kuɗin muke sha kafin a saka mu, amma gsky wannan karon ban yi asara ba

Ɗan Fagge: Hajiya yanka labari ai ba yau aka fara ba. Tun shekarun 1980 da 1990 littattafan soyayya na Kano 1, 2, 3 ake buga su sirara, marubuci ya sayar da na ɗaya sannan ya samu kuɗin buga na biyu. To neman kuɗi dai ana yi, wannan ba ya nufin labarin ba shi da ci gaba

Maman Biyu: Malam ai ka taya ni ne, kai ma ka ce kuɗi 😂

Ummu Karatu: Yaya Maman Biyu ki tsaya ki ji. Ki tuna a na ɗaya sharaɗin da sarkin aljanun ya gindaya kafin ya yarda da auren, cewa duk abin da ta fara haifa na gidan sarauta ne ba nata ba, ta amsa da sauri saboda so ya rufe mata ido, mu ma masu karatu muka wuce wurin muna ta ayyiriri an ɗaura aure. To kashi na biyu da cikin ya buɗe. Ba a ƙirƙiro sabuwar matsala ba, bashin da ta ci ne aka zo karɓa, kuma mijin da ya yi ta rantsuwa zai bar sarauta saboda ita yanzu ga shi tsakanin ubansa da matarsa ya kasa cewa uffan. A na ɗaya tambayar za su samu juna? A na biyu nawa samun zai ci musu. Ni abin da nake kira gini kenan, har sai da na koma na sake karanta fejin sharaɗin nan ina cewa kai ashe tun nan aka ɗana mana tarko

Ɗan Fagge: Haka Magana Jari Ce ta Abubakar Imam take. A na ɗaya aku da labari ya tsare Musa ɗan sarki kar ya fita har akun ya zama waziri, a na biyu ya kara da Haziƙ a gasar ba da labari, a na uku yana koya wa ɗansa Fasih. Kowanne kan abin da ya samu a baya yake tsaye.

Maman Biyu: Can ai ba soyayya ba ce malam. Kuma Ummu ki faɗi gsky, a na ɗaya an ce ba ya iya shiga gidan da ake karatun Ƙur'ani, a na biyu ga shi zaune a falon babanta ana saukar Ƙur'ani ranar suna. Ina dokar ta tafi?

Ummu Karatu: Wannan kam kin kama ta, marubuciyar ta yi sakaci, in ka kafa doka a duniyar aljanunka dole ka riƙe ta ko ka nuna mana abin da ya karya ta. Amma kuskuren wuri ɗaya ne, ke kuma cewa kika yi DUK

Yar Damagaram: Ni kishiyar ma ban ga laifinta ba, ai tun a na ɗaya an ambaci yar baffansa da aka yi masa baiko da ita

Maman Biyu: An ambace ta layi ɗaya ƙanwata, layi ɗaya, yanzu ta cinye rabin littafi. To na cire duk, na ce mafi yawa. Amma na uku ba zan biya ba sai wata ta fara karantawa ta ba ni labari.

Anti Admin: Ba a tura littafin kuɗi a nan fa, na gaya muku tun yanzu.