Ina son mayar da sararin ƙarƙashin rufi ɗakin kwana

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Iyali sun ƙaru, ɗakuna sun yi mana kaɗan. Tsakanin silin da rufin gidana akwai sarari, tsayinsa a tsakiya ya kai mita 2.4, ina son in gyara shi yarana biyu su riƙa kwana. Jiya na hau na taka katakon da ke riƙe da silin, sai na ji yana lanƙwasawa, har fenti ya tsage daga ƙasa. Katakon tu-bai-fo ne, wato mai kaurin inci biyu da faɗin inci huɗu. Shin in shimfiɗa filawud a kai ya wadatar? Akwai kuma katakai da suka gitta tsakanin rafta, wato katakan da ke ɗauke da rufi, suna tare hanya, zan iya yanke su?

Wani kafinta: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka shimfiɗa komai tukuna. Katakon nan silin kaɗai aka sa shi ya ɗauka. Ɗakin kwana kuwa ana lissafa masa kamar kilo 150 a kowace murabba'in mita: gado, kaya, da yara masu tsalle. Filawud ba ya ƙara wa katako ƙarfi, rufe matsalar kawai zai yi. Sai an jera sabbin katakai masu zurfi, wato masu faɗi daga sama zuwa ƙasa, a gefen tsofaffin, tazarar santimita 40, bakunansu biyu zaune a kan bangon da ke ɗaukar nauyi. Girmansu ya danganta da nisan bango zuwa bango. Bayan nan ne za a sa filawud mai kaurin milimita 18, da gam da sukuru, don kada ya riƙa ƙara in an taka.

Masu gittawar nan kuwa kada zarto ya taɓa su sai injiniya ya hau ya gani. Wasunsu su ke hana rafta buɗewa ta ture bango waje.

Wata 'yar'uwa: Mu zafi ne ya wahalar da mu. Ka sa abin tare zafi tsakanin rafta, amma ka bar kamar santimita 5 tsakaninsa da rufi, iska ta shiga ta ƙasa ta fita ta ƙololuwa. In ka toshe, laima za ta taru katako ya ruɓe.

Wani dattijo: Ɗana, tunda yara ne, ka yi matakala ta gaske, ba tsani ba, da taga wadda babba zai iya fita ta cikinta in gobara ta tashi. Ka sake aunawa ma, sabon katako da sabon silin za su ci daga mita 2.4 ɗin nan.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan kira injiniya ya hau kafin in sayi ko falanki ɗaya.