Na ba da kuɗin i7, yanzu ana tsorata ni da zancen batir

Ɗan Ader:
Salamu alaikum ƴan uwa. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka mini, hankalina bai kwanta ba. Ina nan Tawa, ina aikin haɗa bidiyon biki da suna. Kwamfutar HP EliteBook 8470p ce, yayana ya zo mini da ita daga Abijan lokacin da ya dawo ci-rani, kuma ba kyauta ya ba ni ba, cewa ya yi in biya sannu sannu, har yanzu da sauran kuɗinsa a kaina, matarsa ma ta fara zancen. Shi ya sa ba ni da bakin cewa zan sayar da ita. Furosesa i5 ne a ciki, wato injin da ke sarrafa aikinta. In na sa bidiyo ta fitar sai ta yi ta jan ƙafa, uwar amarya kuwa tana ta kira. Wani abokina a Yamai ya samo mini i7 mai ƙwaƙwalwa 4, wanda ya fi i5 ƙarfi, a kasuwar Katako, na tura jikka 15 rabin kuɗi. Jiya wani ya ce mini in na sa shi batir ba zai kai minti 30 ba. Kun san halin kuran lokacin zafi. Gaskiya ne?

Injiniya na Wadata:
Wa'alaikumus salam. Wane i7? Ka kawo tarihin gidanku duka, lambar furosesa ba ka kawo ba. Ka ci sa'a taka ta 2012 ce, furosesanta a soket yake, sukuru guda ake juyawa ya fito. Daga tsara ta 5 ta Intel zuwa sama na laftof liƙe su ake yi a jikin babban allon ciki, ba su ciruwa. Naka dai i5-3320M ne galibi, wat 35. In abokinka 3630QM ko 3720QM ya samo, wat 45 ne. In 3632QM ne ko 3612QM, ƙwaƙwalwa 4 ne amma wat 35. Zancen duka a nan yake.

Ɗan Ader:
Bai faɗa mini lamba ba, ya dai ce i7 ne na asali. Mutumin kirki ne, tare muka yi lakkol.

Injiniya na Wadata:
Ban ce ɓarawo ne ba, ƙanena. Ka ce ya ɗauko hoton rubutun da ke kai. Kuma wanda ya ce maka minti 30 ya yi ƙari. In rubutu kake ko kallon hotuna, furosesa yana rage gudu da kansa, i5 da i7 ba su da wani bambancin kirki a batir. Sai an ɗora masa kaya yake sha. Yi lissafi da kanka: batir mai sel 6 sabo wajen wat-awa 55 yake ɗauka. Furosesa na jan 45, ga haske, ga fanka, ga diski, awa guda ke nan da ƙyar. Da wat 35 ka ɗan wuce haka. Sai dai mai ƙwaƙwalwa 4 yana riga gama aikin, ya koma hutu.

Maman Nana:
Ni dai kar ka bari a buɗe maka ita. Kwamfutata na kai wa wani mai gyara don ya share ƙura kawai, ta dawo maɓalli biyu ba sa aiki, sukuru uku a leda. Da na yi magana ya ce dama haka na kawo ta. Allah ya isa.

Ɗalibi:
Babban yaya, RAM ɗinka nawa ne? Diski na da ne mai juyawa ko SSD, sabon nau'in da ba ya juyawa? Ni giga 8 na sa da SSD, ta zama kamar sabuwa, batir ma ya ɗan ƙara jimawa tunda babu abin da ke juyawa a ciki.

Injiniya na Wadata:
SSD yana sa ta tashi da sauri, amma fitar da bidiyo aikin furosesa ne, yaro. Abin da ya fi damuna zafi ne. Furosesan da ke ciki yanzu wat 35 ne, kai kana Tawa, a watan Afrilu inuwa ma ta haura digiri 40. Ka sa mata 45, fanka ya yi ta ihu, in ta kusa digiri 100 ta rage gudu da kanta, ka koma gidan jiya. Zafin nan kuma shi ne ke kashe batirin litiyom tun kwanansa bai kai ba. Sai an fitar da ƙurar hunturu daga raga, an goge tsohon man sanyi na kan furosesa da ya bushe ya zama kamar alli, an sa sabo. Duba sharjarka kuma, in wat 65 ce ka nemi ta 90.

Ɗan Ader:
A ɗaki mai rufin kwano nake aiki amma ina ɗora ta kan bulo biyu, iska na shiga ta ƙasa. Ba ta taɓa mutuwa don zafi ba. Batirin ma bara na saye shi.

Abu Mai Solar:
Batirin bara na kasuwa? Nawa an rubuta sel 6, da ya mutu na fasa, huɗu na tarar da ƙarfe a gurbin sauran. Ka bar wahala, ka sa fanon hasken rana da batir babba, ko i9 ne ka sa.

Ɗalibi:
Ka buɗe cmd, wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna maka abin da batirin yake ɗauka yana sabo da abin da ya rage yanzu. Kuma ka tuna Windows 10 an daina tallafa masa tun Oktoba 2025, Windows 11 kuwa daga tsara ta 8 ta Intel ya fara. Jikka 30 a kan mashin na 2012, anya?

Ɗan Ader:
Kuɗin fano ina na gan su? Sabuwa kuma na faɗa muku halin da nake ciki da yayana. Ni dai na riga na ba da rabi, Katako ba a mai da kuɗi. Gobe zai ba direban mota ya kawo.

Injiniya na Wadata:
To mi ya sa ka tambaye mu? Turo lambar kafin motar ta tashi.

Ɗan Ader:
Na kira shi, wayarsa a kashe. Akwai wanda ya san mai iya sawa a nan Tawa?