Tukuici a Amurka: wa za a ba, wa za a bari?

Mutane na muhawara kan waɗanda ya kamata a ba tukuici a Amurka, kuma muhawarar ta fi zafi ne a kan ma'aikatan gidan abinci. Dokar tarayyar Amurka ta yarda a biya mai kai abinci teburi dala 2.13 a awa, adadin da bai motsa ba tun 1991, alhali mafi ƙarancin albashin sauran ma'aikata dala 7.25 ne. Idan tukuici bai cike giɓin ba, mai gidan ne zai cike, amma ba kowa ke bin ƙa'idar ba. Shi ya sa yawancin masu magana suka ce a ba da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abinci, ko da hidimar ba ta burge ka ba.

Inda aka rabu shi ne mai wanke kwanuka da mai sharar ɗakin otal, waɗanda ba a cika ganin fuskarsu ba. Shawara: a ajiye wa mai shara 'yan daloli kowace safiya, domin ma'aikatan na canjawa. Wasu kuma suka ce a tambayi gidan abincin ko ana raba tukuicin da 'yan kicin.

Na'urar biyan kuɗi da ke roƙon tukuici a kan kofin shayi kuwa, kusan kowa ya ce ba dole ba ne. Ni ma haka na gani.